Mai Sarewa Da Wayar Da Ban Kashe Ba

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Juma'a a garin Laurel na ƙasar Amurka, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina. Na gwada tara wa kaina aiki, na gwada kwanciya da wuri, na ma gwada lallashin kaina da cewa wataƙila abin bai kai yadda nake ɗauka ba. Ya kai. Ko yanzu da nake rubutun nan kunnuwana sun ɗauki zafi.

Bari in fara da bayanin kaina, kada a ce na ɓoye wani abu. Ni mutum ne mai taka-tsantsan, mai yiwuwa fiye da yadda ya kamata. Ina cikin mutanen nan da kan kulle ƙofa, su kai bakin mota, su dawo su murɗa hannun ƙofar don su tabbatar. Idan na rubuta saƙon waya mai layi biyu, sai in yi ta karanta shi har ya fara yi mini kama da rashin kunya, sannan in goge. Na yi digiri na biyu a fannin ƙididdiga a jami'ar da ke College Park, da sakamakon da mahaifiyata ta sa aka wanke hotonsa aka rataye mata a falo a Malumfashi. Ana gama bikin yaye mu abokan karatuna suka watse, wani ya yi Texas, wani Kanada, wani ya koma gida. Ni kuwa na samu aiki a wani sito a Laurel, ina zaune gaban kwamfuta ina tabbatar da cewa kwalayen da suka shigo su ne suka fita. Na kama ɗaki da kicin a wani bene kusa da layin dogo, na ce na ɗan lokaci ne kafin aikin da ya dace da karatuna ya samu. (Har yanzu ina cewa na ɗan lokaci ne.)

Babu wanda ya gaya mini cewa bayan makaranta shiru ake shiga. A makaranta ko ba ka da aboki akwai wanda zai ari bironka. A Laurel kuwa, ranar da ba ni da aiki, sai in lura la'asar ta yi ban buɗe baki ba sai don hamma da salla. Jiragen ƙasa su wuce ta bayan tagata, wannan ya nufi Washington, wancan Baltimore, cike da mutanen da ga alama ana jiransu a wani wuri. Ranar Lahadi mahaifiyata ta kira ta ce, "Yaya zaman?" in ce, "Lafiya lau, Inna, ga mutane nan ko'ina." Ba ƙarya na yi ba. Akwai mutane ko'ina.

A cikin wannan hali na haɗu da Malam Mai Sarewa.

Yadda muka haɗu ma ba abin alfahari ba ne. Na kira kamfanin inshorar motata ne kan wata 'yar tambaya, suka ajiye ni a layin jira, suka sako mini kiɗa. Sarewa ce, irin ta Turawa ta ƙarfe wadda ake riƙewa a gicciye kamar mai shan rake. Jita na bin ta a hankali, mai ganga kuma kamar da tsintsiya yake shafar fatar, ba ya so ya tashi kowa daga barci. Ina tsaye a kicin da waya a kunne, sai na ji kamar wani ya shigo ɗakin ya zauna ba tare da ya tambaye ni komai ba. Da matar ta dawo kan layi ta amsa tambayata, ta ce ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi, sai na ji bakina ya ce, da Turancina na ladabi, in ba damuwa ta mayar da ni layin jira. Ta sake tambaya, a zatonta ba ta ji daidai ba. Na ce in dai ba zai jawo mata matsala a wurin aiki ba. Baiwar Allah ta mayar da ni.

Daga baya na yi bincike har na gano faifan da aka ciro kiɗan, na kuma yi sa'ar samunsa a wani shagon gwanjo, tsakanin tsofaffin fitilu da takalman sanyi. A jikin kwalin akwai hoton wani dattijo mai furfura a gemu, da farar riga, a bakin teku, idonsa a rufe, sarewa a baki. Takardar ciki ta ce jaz ne aka gauraya da kiɗan zamani da wani salo na ƙasar Brazil da ake kira bosa noba. Ni ban san jaz ba, ban ma tabbata ina furta na Brazil ɗin daidai ba. Abin da na sani shi ne babu mai waƙa a faifan daga farko har ƙarshe. Sarewar takan faɗi wani abu, kamar tambaya, sai ta ɗan dakata ta bar wa jita wuri. To a wannan ɗan wurin na fara saka tawa maganar.

Da farko "hmm" kawai nake cewa. Sai ta koma "haka ne." Kafin wata guda ina ba shi labarin wurin aiki, ina kai masa ƙarar shugabana, ina shawara da shi kan ko in sayi rigar sanyi yanzu ko in jira a karya farashi. Na sa masa suna Malam Mai Sarewa. Wani lokaci busarsa takan tuna mini da ta Fulani makiyaya da nakan ji a bayan gidan kakata, sai dai shi wannan kamar makiyayin da ya sayar da shanun ya koma zaman otal. (Na san yadda wannan labarin ke sauka a kunne. Ina roƙon a yi mini uzuri, ba mu ma kai wurin kunyar ba.)

Bahaushe ɗaya na sani a duk yankin, Alhaji Bala, wanda suka yi makaranta da kawuna. Ya fi shekara talatin a Amurka, yana zaune a Mitchellville da matarsa Hajiya Asabe. Tun kafin in taso Inna ta ba ni lambarsa ta ce, "Ka riƙa gaishe shi, uba ne." Ni kuwa in aka ba ni aiki ba na wasa da shi. Kowace Juma'a, in na dawo daga ƙaramin masallacin unguwarmu, inda ake gaisawa da hannu ɗaya ɗayan na laluben makullin mota, sai in kira shi. Gaisuwar ba ta canzawa. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Mai digiri! Yaya aiki? Ƙasar nan sai haƙuri, ka fahimta ko?" In ce, "Na fahimta, Baba." Ya ce, "Ba wata matsala dai?" In ce, "Babu, Baba, lafiya lau."

Sau ɗaya ya taɓa gayyata ta gidansa, a farkon zuwana Laurel. Ya ce, "Ranar Lahadi Hajiya na yin tuwo, mutane kan zo. Ka shigo mana." Zuciyata ta yi tsalle. Amma ni ɗan gidan tarbiyya ne, a gidanmu ba a yi maka tayin abinci ka ce to a karon farko, sai ka ce wanda aka kora daga gida da yunwa. Ka ƙi, a matsa, ka sake ƙi, a sake matsawa, ka ƙi na uku, a rantse, sannan ka karɓa kamar an fi ƙarfinka. Don haka na ce, "A'a Baba, kada in ɗora wa Mama wahala." Na gyara tsayuwa ina jiran zagaye na biyu.

Ya ce, "To, ba laifi. Sai wani lokaci."

Shi ke nan. Na tsaya da waya a hannu kamar wanda mota ta wuce shi a tasha. Shekara guda ina kira kowace Juma'a, ina kasa kunne ko tayin zai dawo. Bai dawo ba. Ni kuma in buɗe baki in ce, "Baba, tuwon nan fa?" ai gara in ci takardar digirina.

Akwai kuma wata tarbiyyar da ta shigo cikin maganar. Yaro ba ya kashe wa babba waya. In an gama sallama, kai za ka jira shi ya ajiye. Matsalar ita ce Alhaji Bala ba mai gaggawar ajiyewa ba ne. Sai a gama sallama, in yi ta jin numfashinsa da motsin aljihu, wani lokaci har da rabin hirarsa da Hajiya, kafin layin ya yanke. Sauraron wannan ma na ga kamar rashin ladabi ne. Sai na ƙirƙiro wata dabara da na yi alfahari da ita ƙwarai: da zarar mun yi sallama, sai in kife wayar a kan kantar kicin in kama harkata. Ban kashe masa ba, ban kuma saurari sirrinsa ba. Ya kashe a lokacin da ya ga dama. Dabarar ta yi aiki wata da watanni, har na fara ganin da ma a koya wa sauran matasa.

Ranar Juma'ar da nake magana, an yi ɗan yayyafi, garin ya yi duhu-duhu tun da rana. A masallaci wanda ke gefena ya sallame salla ya tashi kafin in miƙa masa hannu. Na dawo ɗaki, na kira Alhaji. Na ji muryarsa da ɗan amo, kamar yana cikin rijiya, amma ban kawo komai a raina ba. Muka yi gaisuwarmu. Ƙasar nan sai haƙuri, na fahimta, ba matsala, lafiya lau, a gaida Mama. Na kife waya a kan kantar kicin, kusa da 'yar na'urar da nake saka faifai. Na ɗora ruwan taliya. Na kunna Malam.

"Malam, barka da Juma'a," na ce. Sarewa ta amsa.

Kiɗa na uku a faifan shi ne wanda na fi so, na Brazil ɗin sosai, mai ɗan rangaji, wanda in ya fara sai ka ji ƙugunka na son yin abin da bai saba ba. Na ƙara murya. Ina yanka albasa ina ɗan taka rawa (ban iya rawa ba, abin da nake yi ya fi kama da mai neman takalminsa a ƙofar masallaci). Kuma ban san abin da ya hau kaina ba, ko yayyafin ne, ko ƙamshin albasar, sai na ji ina so a yi mini tayin nan ko da na wasa ne. Tun da babu mai yi, na yi wa kaina.

Na tsaya tsakiyar kicin, na turo ciki gaba, na yi gyaran murya irin ta Alhaji, mai hawa biyu, wadda ke farawa daga ƙirji ta ƙare a hanci. Na ce da muryarsa, "Mai digiri! Zo ka ci tuwo, ka fahimta ko?"

Na koma gefe na sunkuyar da kai, na ce da tawa, "A'a Baba, na ƙoshi."

"Haba yaro, zauna mana, ka fahimta ko?"

"Wallahi Baba yanzu na ci."

Sai na siranta murya na zama Hajiya. "Haba ɗana, kai da gidanku? Miyar kuka ce fa, da man shanu."

"To Mama, tun da kin matsa."

Na ja kujera na zauna, na yi bismilla a kan kwanon da babu komai a ciki. Sarewa na ta yi mini kirari. Da abin ya tsaya nan, da wataƙila zan iya ɗaga kai a gaban mutane wata rana. Amma sai na juya ga hoton da ke jikin kwalin na shiga kai ƙara.

"Ka ga yadda ake yi, Malam? Abu mai sauƙi. Amma shi sau ɗaya ya yi mini tayi. Sau ɗaya! Wane irin Bahaushe ne wannan? Amurka ta wanke shi tas, hular ce kawai ta rage."

Sarewa ta ja wani dogon sauti ta sauka a hankali. Sannan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna.

"Ni fa ba tuwon ba ne ma, Malam. So nake in zauna inda ake hira da Hausa, ko ba a sa da ni ba. In yi shiruna a cikin mutane. Na gaji da yin shi ni kaɗai."

A nan kiɗa na uku ya ƙare. Duk wanda ya san faifai ya san akwai ɗan shirun da ke tsakanin kiɗa da kiɗa. A cikin wannan shirun na ji wata 'yar murya, siririya kamar ta sauro, tana fitowa daga kan kantar kicin.

"Mai digiri. Mai digiri! Salamu alaikum!"

Na kalli na'urar. Na kalli hoton Malam. (Wallahi sai da na kalle shi.) Sannan idona ya sauka a kan wayar da ke kife. Na juya ta da yatsa biyu, kamar mai ɗaga dutsen da yake zargin akwai kunama a ƙarƙashi. Sunan Alhaji Bala na nan a fuskarta, lokacin kira na ta tafiya abinsa.

Na kai ta kunne. "Na'am, Baba."

"Kana ji na?"

"Ina ji, Baba."

"To mu ma muna ji. Tun daga masallaci muke ji."

"Ku, Baba?"

"Ni da Hajiya da Malam Iddirisu. Muna mota, gosulo ya riƙe mu."

Ashe sabuwar mota 'yarsa ta saya masa, irin wadda waya ke haɗewa da sifikunta da kanta. Amon rijiyar da na ji ke nan. Wayar na cikin aljihun babbar rigarsa, bel ɗin kujerar mota ya danne ta, ga shi a tsakiyar babban titin da ya zagaye Washington. Malam Iddirisu kuwa, wanda a lokacin sunansa kawai na sani, mutumin Kumasi ne, shi ke jan salla a masallacinsu in liman ba ya nan. Wato gyaran muryata mai hawa biyu ta fito ta gaba da baya da ƙofofi huɗu, a gaban mai ita, da matarsa, da na'ibin liman.

Na buɗe baki in ce wani abu, ban san me ba. Daidai nan kiɗa na huɗu ya fashe, wanda ya fi kowanne fara'a a faifan, da ganguna da tafi. Na yi tsalle in kashe, gwiwata ta bugi kujera, ruwan taliya ya tafaso ya zubo a kan murhu.

"Kashe wayar nan," in ji Alhaji. "Ni ban san inda ake kashe ta a motar nan ba."

Kuma a nan ne, jama'a, tarbiyya ta sake yi mini aiki. Na ji kaina na ce, "A'a Baba, ku dai ku kashe."

"Kai! Na ce maka ban iya ba!"

Sai wata murya mai kauri ta taso daga kujerar baya, tana rawa saboda dariya. "Alhaji, ka yi haƙuri da yaron. Sau ɗaya ya ƙi. Saura biyu."

Na kashe. Karo na farko a rayuwata da na kashe wa babba waya, kuma da izininsa.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi tsawo da na yi a ƙasar nan. Na cire faifan na tura shi can ƙasan durowa, ƙarƙashin tsummokaran kicin, kamar shi ya yi laifin. Ɗakin ya koma yadda yake da, firji na gurnani, jirgi na wucewa. Da can ina da ƙofa guda da nake sa ran wata rana za ta buɗe. Yanzu na tabbata na rufe ta da hannuna, na kuma ce wa mai gidan hula ce kawai ta rage masa. A hanyar zuwa aiki ina ta tsara ban haƙuri a raina, kowanne in na juya shi sai in ga ya fi laifin muni. Juma'a ta zagayo, na dawo daga masallaci, na zauna ina kallon wayar har la'asar. Ban kira ba. A wurin mutum irina, tsallake gaisuwar Juma'a daidai yake da barin gari.

Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Na ɗauka da sallama.

"Hajiya Asabe ce. Jiya ba ka kira ba."

"Mama, ina kwana. Wallahi Mama, ni dai, abin da ya faru..."

"Gobe bayan azahar. Ba tambayarka nake yi ba, gaya maka nake. Kuma ka taho da malamin naka."

"Wane malami, Mama?"

"Mai busar."

Ƙit, ta kashe. Ita ba ta da matsalar maigidanta.

Na isa Mitchellville da wuri, na yi fakin nesa da gidan, na zauna a mota ina kallon ciyawar mutane. Sau da yawa na kai hannu ga makulli in juya. Abin da ya hana ni shi ne tunanin cewa ƙin zuwa ma wani laifin ne, kuma ba ni da sauran wurin ajiye laifi.

Alhaji na zaune a falo, fuska ba walwala, ga wani dattijo ƙaƙƙarfa a gefensa yana ta danne murmushi, na san shi ne Malam Iddirisu. Na cire takalmi na durƙusa. Na fara jawabin da na kwana ina haddacewa. Ban kai rabi ba Alhaji ya ɗaga hannu.

"Tashi, tashi. Abu ɗaya zan tambaye ka, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ni haka nake gyaran murya?"

"A'a Baba, ko kusa."

"Haka kake yi!" in ji Hajiya daga kicin. "Har ya fi ka iyawa!"

Malam Iddirisu ya saki dariyar da yake riƙewa, har da buga cinya. Alhaji ya yi ƙwafa, ya gyara hula, ya buɗe baki zai yi magana, sai gyaran muryar ta kuɓuce masa, mai hawa biyu cif. Shi kansa sai da ya yi dariya.

Da aka natsa ya ce, "Maganar tayi kuma, ka yi gaskiya ka kuma yi kuskure. Da na zo ƙasar nan haka nake matsa wa mutane, har na gane ina hana su zuwa aiki ne, suna jin kunyar gaya mini. Wannan na da shif, wancan na da shif. Sai na koyi in mutum ya ce a'a, in bar shi. Ina na san kana can kana ƙirga mini, ka fahimta ko?"

"Na fahimta, Baba."

Hajiya ta sa ni ɗauko kwanuka daga kicin. Muna mu biyu, tana kwashe tuwo ba ta dube ni ba, ta ce, "Malam Iddirisu ya san inda ake kashewa. Har ya miƙo hannu. Ni na ce ya bari."

Na tsaya da kwano a hannu. "Mama?"

"Shekara guda kana ce mana lafiya lau. Ranar da ka tashi faɗin gaskiya sai in bari a kashe?" Ta ɗora malmala a kan ta farko. "Shekarata ta farko a ƙasar nan, Alhaji na aikin dare da rana, da injin wanki nake hira. Kai naka ma yana busa. Ɗauki miyar nan, kada ka zubar."

Bayan an zuba abinci ta ce a saka faifan. Na so ƙasa ta tsage, amma na saka. Sarewa ta fara. Alhaji ya saurara da loma a hannu, ya ce, "Wannan ai shi suke sa mana a asibitin haƙori." Malam Iddirisu ya ce kiɗa dai ba ya cikin abin da yake yabawa, amma na ga babban yatsan ƙafarsa na bin gangar a kan kafet. Daga nan suka manta da shi. Aka shiga gardamar ko shinkafa da waken Kumasi ta fi ta Kano, aka koma kan wani da ya sayi gida a inda ruwa ke kwanciya, aka dawo kan tsadar rago. Wasu baƙi suka shigo, aka matsa musu. Babu wanda ya tambaye ni komai.

A cikin hayaniyar nan sai na ji kiɗan ya ƙanƙance, ya koma can baya, kamar mai hidimar da ya ajiye ruwa ya ja gefe. Ina tsammanin (ban dai tabbata ba) don haka aka yi shi tun asali, a riƙa magana a kansa. Ni ne na ɗora wa bawan Allah aikin da ba nasa ba. Na zauna a ƙarshen tabarma da tuwona, na yi shiruna, har aka kira la'asar.

Ba zan ce komai ya canza ba. Ina nan a Laurel, jirage na nan suna wucewa, kuma daga Litinin zuwa Asabar yawancin hirata da Malam Mai Sarewa ce. Sai dai yanzu kafin in ce masa uffan, nakan duba wayar, in kashe ta gaba ɗaya, in sa ta a aljihun kwat, in rufe kwat ɗin a kabad, sannan in dawo in sake dubawa. Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba, amma na biya shi da tsada: a ƙasar nan, in aka ce maka zo ka ci, ka ce to tun bakin mai tayin bai rufe ba. Ladabin da ka taho da shi daga gida yana da kyau, sai dai ba kowa ke da lokacin zagaye na biyu ba.

Sunana na gaskiya kuma ya ɓace a Mitchellville. Ko makon jiya da Hajiya ta miƙo mini ƙarin nama, na karɓa hannu bibbiyu tun kafin ta gama magana. Malam Iddirisu ya dube ni ya girgiza kai.

"Kai, Saura Biyu," ya ce, "Amurka ta wanke ka tas."